Rijiyar da Ke Cikin Hoton

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan, don ni ba mai yawan magana ba ce.

Ina jiran layi a shagon mai hoto, wata tsohuwa da wani magidanci suna kallon tsofaffin hotunan unguwarmu a bango.

"Ɗana, ka ga rijiyar nan? Ruwanta kamar an sa sukari."

"Ai an daɗe da cike ta, Iya."

"Wa ya cike? Mijina ne kafintan. Katako ya jera a bakinta, aka zuba siminti."

"Haba Iya, tsoratar da ni za ki yi da rana tsaka?"

"Wannan mai riƙe da guga ƙanwata ce. Ciki ta faɗa, kuma ba a fito da ita ba."

Ya daina dariya. "Yanzu ina ne wurin?"

"Gidan haya mai shuɗiyar ƙofa, kusa da injin niƙa. Ɗakin ƙurya."

Ɗakinmu ke nan. A tsakiyarsa nake shimfiɗa wa jaririna, don nan ya fi sanyi.

Washegari da safe na daki daɓen da taɓarya, ya amsa kamar ganga. Na goya ɗana na tafi gidan yayata, ko ƙofa ban rufe ba.