Gaisuwa a Kishingiɗe

A rumfar mai faci a kasuwar Makarfi, wani dattijo ya tare Ashafa yana nuna sabon kekensa da sanda.

"Kai ne ka wuce ni a hanyar Gazara a kwance, tafin ƙafarka na kallon fuskata?"

"Baba, a yi haƙuri. A kishingiɗe ake tuƙa shi, saboda ciwon baya na saya. Kuma ai na yi sallama."

"Sallama a kwance? Mu da muka tashi, mai keke sauka yake ya durƙusa!"

"Ban gama saba da shi ba. In na tsaya a yashi, faɗuwa nake."

"To ka faɗi mana! Da na ce yaron nan yana da tarbiyya."

Dattijon ya juya, hannu dafe da ƙugu, sai ya waiwayo.

"Bayan fa, ya daina ciwon?"