Wanda Ya Iya Faɗuwa

A tashar motar Isma'iliyya ta ƙasar Masar, Ummu Sabri ta tsaya kallon direba yana manna hoton ɗan resilin a gilashi.

"Hajiya, Damisa kenan! Yana buɗe baki fili ya ɗauka da ihu. Jiya ya yi jifa da wani raggo."

"Raggon nan ɗana Sabri ne, malam direba. Damisanka ko tukunyar gas ba ya iya ɗagawa. Sabri ke tsalle da kansa, ya faɗo ba karaya."

"To, amma wa ake wa ihu?"

"Wa ya zo gidana da farantin kek ɗin basbusa, yana roƙon kada Sabri ya daina, in ba Damisan ba?"

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Direba ya sosa ƙeya, ya buɗe ƙofar gaba.

"Bismilla, Hajiya."