Jakar Malam Bashari a Kan Benci

A tashar Gwarzo, Malam Bashari na zaune a inuwa, ya ɗora jakarsa a kan bencin, yana jiran mota ta cika. Wani dattijo na tsaye a rana.

"Alhaji, kai ma Kutama za ka?" in ji Bashari.

"Can za ni."

"'Yata Mubina aka tura koyarwa can, shi ne zan fara ganin mutanen garin. Tsadar rayuwar nan ta sa kowa ya rufe ƙofarsa, baƙo ko ruwa sai ya roƙa."

"Tsohon ciwo ne, Malam. A kwaleji an koya mana Girkawan da can har suna suka ba irin wannan mutum, aksenos, wato wanda ba ya karɓar baƙo."

"To, abin da ke hana ni barci ke nan! Yaya ake gane irinsu?"

"Ba wuya. Za ka gan shi a inuwa, jakarsa ta sami wurin zama, baƙo kuwa na tsaye a rana."

Bashari ya yi wuf ya sauke jakar. "Subhanallahi! Bismilla, Alhaji, zauna!"

Dattijon ya zauna yana dariya. "Ni ne hedimastan makarantar da aka tura ta. Turo mana Mubina, uwargidana ta riga ta share mata ɗaki. Ita za ta kwana a gado, jakarta dai a ƙasa za ta kwana."