Muryar Baban Rahila da Zaɓen Alƙalai

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Fasto, dattawa, iyayena mata, 'yan'uwana, salamar Ubangiji ta kasance tare da ku.

Saboda baƙi, sunana Rifkatu, amma a nan Maman Rahila ake kirana. 'Yar Kafanchan ce ni. Bayan yaƙin basasa na zo ƙasar nan koyon aikin nas, da niyyar in gama in koma gida. A asibitin da nake koyon aiki a Washington na haɗu da wani sabon lauya, baƙar fatar Amurka, ya kawo mahaifiyarsa jinya. Shi ne Baban Rahila. Ga shi can a benci na baya. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na ƙoshi" ba, amma ya san zancensa nake yi, shi ya sa yake ta murmushi.

Shekaru da yawa ya yi yana tsaya wa waɗanda ba su da halin ɗaukar lauya. Burinsa tun yana yaro shi ne ya zama alƙali. A farkon shekarun tamanin ɗin nan ya tsaya takarar alƙalin babbar kotun yankinmu. Babu layin da ban taka ba a garinmu Clinton, ina ƙwanƙwasa ƙofofi, Rahila tana riƙe da zanena. Muka faɗi, faɗuwa kuwa mai kyau!

Bai yi zuciya ba. Daga baya gwamna ya naɗa shi alƙali a ƙaramar kotu, inda ake shari'ar direbobi da rigimar masu gida da 'yan haya. Bara wata kujera ta buɗe a babbar kotun nan da ya taɓa nema, gwamna ya ɗaga shi zuwa can.

To, a nan jihar Maryland naɗin gwamna bai isa ba. Dole ka tsaya gaban jama'a a zaɓe mai zuwa, kuma kowane lauya yana iya fitowa ya kara da kai. In ka ci, shekara goma sha biyar ka samu. In ka faɗi, ka tuɓe riga ka koma gida, don tsohuwar kujerarka an riga an ba wani. Wani lauya mai baki da jama'a kuwa ya fito.

Ana shirin kamfe ke nan muryar maigidana ta dushe. Muka ce mura ce. Na dafa citta da zuma, na ba shi, shiru. Ran nan ina wurin aiki sakatariyarsa ta buga mini waya. Ta ce ya buɗe baki zai yanke hukunci, kotu cike da mutane, sai iska kawai ta fito.

Likita ya duba, ya ɗebi ɗan nama ya gwada. Ciwon daji ne a maƙogwaro.

'Yan'uwa, ni nas ce. Na yi jinyar mutanen da aka cire wa maƙogwaro, aka bar su da rami a wuya. Likita ya ce za a fara da ƙona ciwon da haske na wasu makonni, in bai ji ba sai fiɗa, murya kuma ta tafi ke nan.

Abokinsa da ke jagorantar kamfe ya zo gida, ya ja ƙofa ya rufe. Ya ce, "Kada kowa ya ji. A ce sanyi ne ya kama shi. A daure a wuce zaɓe tukuna."

Baban Rahila ya girgiza kai. Cikin raɗa ya ce, "Kullum ina sa mutane su rantse za su faɗi gaskiya. Ba zan nemi shekara goma sha biyar a hannun jama'a da ƙarya ba. Gara in janye."

Ni kuma tsoro ya cika ni. Abinci ya ƙi shiga, jinina ya hau, na daina zuwa sujada don kada wani ya tambaye ni lafiyar gida in fashe da kuka. In na durƙusa, bakina ba ya iya haɗa kalma biyu.

Wata Asabar da rana sai ga Mama Saratu, shugabar zumuntar mata, ta tuƙo mota tun daga Germantown, da mata cike a ciki. Ko zama ba ta yi ba ta ce, "'Yata, mun ga kujerarki babu kowa. Me kike ɓoye mana?"

Na faɗa mata duka. Na ce, "Mama, ga ciwo, ga zaɓe. Ni ko ƙuri'a ba ni da ita, har yau fasfon Najeriya nake riƙe."

Ta ce, "Mu ma duk nan babu mai ƙuri'a. Amma gwiwa fa? Akwai wadda ta baro tata a gida? Ku durƙusa!"

Muka zube a falo. Mama ta ɗaga murya, mata suna amsawa. Ba ta roƙi kujera ba. Cewa ta yi, "Ubangiji, kai ka ƙera maƙogwaron nan, ka san hanyarsa. Ka cire tsoro daga gidan nan, ka taɓa bawanka." Ina cikin kuka na ji an dafa kafaɗata. Baban Rahila ne ya sauko daga saman bene, ya durƙusa a gefena. Bai ji ko kalma ɗaya ta Hausar ba, amma hawaye yana bin fuskarsa.

A nan nauyin ya sauka daga ƙirjina. Na ji shi ya sauka, kamar an sauke mini tulu daga ka. Haleluya!

Da muka tashi, ya matso kusa da kunnena ya ce, "Ba zan ɓoye ba, kuma ba zan janye ba."

Maganin bai zo da sauƙi ba. Wuyansa ya ƙone ya yi baƙi, ya rame, rigar alƙalancin ta yi masa yawa. Kunun gyaɗa kaɗai yake iya haɗiyewa. Matan nan suka raba aiki, wannan ta kai shi asibiti, waccan ta ɗauko Rahila daga makaranta.

Sai ranar da 'yan takara suke tsayawa gaban jama'a su yi bayani, a zauren wata majami'a. Abokin takararsa ya yi magana mai daɗi, aka tafa masa. Baban Rahila ya tashi, ya manna bakinsa da lasifika, ya faɗa musu sunan ciwon da irin maganin da ake yi masa.

Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Mai shari'a, ka tabbata za ka kai shekara goma sha biyar a raye?"

Ya ce, "Ban tabbata ba, yallaɓai. Kai fa?"

Wurin ya kece da dariya, har shi dattijon. Da aka tashi, mutane suka yi layi suna gaisawa da shi. Wata mata ta riƙe hannuna ta ce mijinta ma ya yi irin ciwon, yana nan da ransa.

Bayan an gama maganin, wata safiya ina kicin, Rahila tana ta nawa, motar makaranta ta kusa wucewa. Sai na ji an daka tsawa daga saman bene: "Rahila! Maza ki fita!" Cokali ya faɗi daga hannuna. Muryar namiji, da ƙarfinta! Yarinyar da ake wa faɗa ta ruga ta rungume ubanta. Ranar motar ta tafi ta bar ta, ko a jikinmu.

Likita ya leƙa, ya sake leƙawa, ya ce bai ga komai ba. Ba fiɗa! Wa ya isa ya yi wannan in ba Yesu ba?

Aka yi zaɓe. Da gari ya waye abokin takararsa da kansa ya bugo waya yana taya shi murna. Yankin da ya ƙi shi a dā, shi ne ya zaɓe shi.

Har yanzu muna komawa asibiti a duba shi, muryar kuma ta ɗan yi kaushi, ba kamar dā ba. Ba na tsoro. Da mun faɗi zaɓen ma, da nan zan tsaya in yi godiya, domin mijina yana raye kuma bai yi wa kowa ƙarya ba.

Mama Saratu, matan zumunta, Allah ya saka muku da alheri. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kana da abin da ka kulle a ɗaki kana fama da shi kai kaɗai, fito da shi mu durƙusa tare. Ka dogara ga Ubangiji, yana ji. Gobe Litinin Baban Rahila zai zauna a kotu, zai yanke hukunci da bakinsa, na bayan zaure ma zai ji shi.

Yabo da girma su tabbata ga Yesu har abada. Amin!