Dutse Biyu a Layi

A ƙofar wani ofishin tallafin naƙasassu a ƙasar Zulu, inda tsofaffi ke kama layi da dutse, Sizakele ta ga wani dattijo ya ajiye biyu.

"Haba Baba, kai kaɗai dutse biyu? Wata bakwai fa nake jiran amsar neman tallafina."

"Ɗayan na matata ne, Mama. Ita wata sha ɗaya."

"To tana ina?"

"Mun binne ta lokacin bikin Ista."

Sizakele ta sassauta murya. "Allah ya ba ka haƙuri. Amma me za su ba ka yanzu?"

"Takardar da ta tabbatar da naƙasarta kawai. Maƙwabta sun ce lalaci ne ya kwantar da ita. So nake su karanta da idonsu."

Ta sa sandarta ta tura dutsenta bayan nasa biyun.