Tafi Ga Na Ƙarshe

A bakin shingen filin sukuwa na Morioka, ranar tseren rairayi na shekara, Noboru ya ga wata tsohuwa tana tafa wa mahayin da ya zo ƙarshe.

"Iya, kin yi kuskure. Ga wanda ya ci can, mai riga fes."

"Na gan shi. Na gaba ai ba ya shan rairayi."

"To wannan da ya dawo kamar an tono shi fa? A kansa kika yi caca?"

"Ina hauka? Mai riga fes na zaɓa."

"To tafin na mene ne?"

"Ɗana ne. In bai ji tafina ba, ko abinci ba ya ci." Ta cusa tikitinta cikin safa. "Gaya masa wanda na zaɓa, ka ga mai wanke rigar nan yau."