Baƙin Rami da Tukunyar Miyata

Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Hadiza ce daga Bungudu.

Tun ranar da baƙonku ya yi bayanin baƙin ramin samaniya na ajiye littattafan soyayya. Ya ce haske na lanƙwashewa a gefensa, abin da ya doshe shi kuma ya yi ja, ya dushe, ya ɓace. Ina tsaye ina tausayin hasken, miyata ta ƙone.

Maigida ya leƙa tukunya ya ce, "Ga naki ramin nan, ko manja bai tsira ba. Ki zaɓa, rediyo ko girki."

Ku gaida mini baƙon. Na zaɓa: duk ranar shirinku, maigida garin kwaki zai sha.